Shin Kifin Ado Yana Girma Ne Daidai da Akwatinsa?

An daɗe ana cewa kifin ado yana tsayar da girmansa daidai da akwatin gilashin da yake ciki. Gaskiyar magana ita ce, ba haka ba ne. Misali, kifin oska, ɗan'uwan karfasa da ya fito daga yankin kogin Amazon, yakan kai santimita 30, kuma idan ya tsumbure a ƙaramin akwati, gurɓataccen ruwa da takura ne suka hana shi girma. Yana fitar da amoniya mai yawa, wato wani sinadari mai guba da ke gurɓata ruwan, shi ya sa guda ɗaya ke buƙatar kusan lita 280 da matatar ruwa mai ƙarfi. Mai shakka ya auna amoniyar ruwansa da kayan gwaji, ya kuma bincika iyakar tsawon kifi kafin ya saya. Don Allah a isar da wannan bayani ga masu kiwo.