Towed, on tow da in tow: wa ya ja, wa aka ja?

Ɗan ƙanwata direba ne a wani kamfani a Kano. Kwanakin baya motar da yake tuƙawa ta mutu masa a Kwanar Dangora, aka kira janwe ya jawo ta cikin gari. Kashegari aka ce ya rubuta rahoto da Turanci, shi kuwa ya rubuta: "The car was towing from Kwanar Dangora to Kano." Manaja na karantawa ya sa aka kira shi. "Motar wa ka ja da motar kamfani? Nawa suka ba ka?" Yaro ya yi ta rantse-rantse. Da yamma sai ga shi da takardar a hannu, ya ce, "Kawu, don Allah ina laifina a nan?"

Laifin bai wuce wutsiyar kalma ba. Ya sa -ing a wurin -ed, sai motar da aka ja ta koma ita ce mai ja.

Tow a Turanci shi ne abin hawa ya ja wani abin hawa a bayansa da igiya ko sarƙa ko sandar ƙarfe: mota ta ja mota, jirgin ruwa ya ja jirgin ruwa, tarakta ta ja tirela. Furucinta daidai yake da na toe, wato ɗan yatsan ƙafa, kuma amonta irin na go ne, ba irin na cow ko now ba. Ba kowane ja ne tow ba. Amalanken da shanu ke ja ana ce masa ox-drawn cart, ko a ce it is pulled by oxen. Buhun da aka ja a ƙasa yana gurzar ƙasa was dragged. Motar da samari suka tura ta tashi kuwa was pushed. Mu kalma ɗaya, "ja", ta ishe mu a yawancin wuraren nan, shi ya sa muke cakuɗa su.

Abin da malaman Turanci ke kira passive voice ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, hanyarmu ce kawai daban. Idan ba mu san wanda ya yi aiki ba, ko ba mu damu da ambatonsa ba, sai mu ce "an", "ana", "za a". Bature kuma sai ya kawo abin da aka yi wa aikin gaba, ya bi shi da wani nau'i na be, kamar is ko was, sannan towed. Don haka duk lokacin da Hausar da ke kanka ta fara da "an" ko "ana" ko "za a", to towed kake nema, ba towing ba. "An ja motar jiya" shi ne "The car was towed yesterday." Wanda ya fito daga banki ya tarar da wurin da ya ajiye mota wayam, cewa zai yi "My car has been towed." Bambancin biyun nan yana ba mutane wahala: idan ka ambaci lokacin da abin ya faru, jiya ko ranar Litinin, was ake sawa. "Has been towed yesterday" kuskure ne, kodayake kunnenmu ya saba da shi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne "ana jan motar", wato aikin na gudana yanzu. Daidai shi ne "The car is being towed." Being da been a bakinmu kusan abu ɗaya ne, sai ka ga an rubuta "is been towed", har a shafukan labarai. Ga hanyar ganewa: been abokin tafiyarsa has, have ko had, being kuma is, are, was ko were. "Is towing" kuwa jimla ce lafiyayya, amma ma'anarta motar ce ke jan wani abu, kuma mai sauraro zai jira ka faɗi me take ja. Tambayar da manajan ya yi ke nan, kuma a nahawu yana da gaskiya.

Ba laifi ba ne mutum ya ce "They have towed my car." Turanci ne karɓaɓɓe a hira, kuma shi ya fi kusa da "sun janye mini mota". A rahoto ko wasiƙar inshora dai passive ya fi dacewa, domin mai karatu zai iya tambaya su waye "they".

Sai ƙananan kalmomin da ke bin towed. By na wanda ya yi jan ne, with na abin da aka ja da shi: "It was towed by a truck with a chain." Idan ka rubuta "towed by a rope", za a gane ka, amma ka mai da igiya ita ce direba. To na inda aka kai ta, misali to the mechanic's workshop. Away kuma yana ɗauke da ma'anar an tafi da ita, galibi ba da son mai ita ba, kamar bambancin "ja" da "janye" a wurinmu. Shi ya sa allunan gargaɗi ke cewa "Vehicles parked here will be towed away at owner's expense": za a janye, kuma kuɗin janwe a kanka. A Amurka irin wannan wuri tow-away zone ake rubuta masa. Kanun jarida su kan jefar da was ko were don tsimin fili, su bar "Vehicles towed" kawai. Salon kanun labari ne, kada a kwafe shi cikin wasiƙa.

Kwalin da ake liƙawa a bayan motar da ake ja fa? Na ga "ON TOE", na ga "TOWING", na ga ma wanda bai rubuta komai ba sai ganye da ya saƙala. A Turancin Ingila, wanda shi muka gada a makaranta, ON TOW ake rubutawa. Amurkawa sun fi cewa in tow. Masu harkar teku kuma under tow suka fi amfani da shi. Ƙaton jirgin nan na sarrafa ɗanyen mai da adana shi, Egina, wanda aka ƙera a Koriya ta Kudu, ba shi da injin tuƙa kansa. Jiragen ja ne suka taso da shi a ƙarshen Oktoban 2017, ya iso Legas a Janairun 2018. Duk tsawon tafiyar nan it was under tow. Haka Costa Concordia, jirgin fasinjan da ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a 2012: a Yulin 2014 it was towed to Genoa, inda aka farfasa shi. Lura cewa on tow, in tow da under tow ba sa ɗaukar -ed. Tow a nan suna ne, ba aikatau ba, saboda haka babu wani abu wai shi "on towed".

In tow ne kaɗai a cikinsu ya fita daga harkar mota ya shiga ta mutane. "She arrived with four children in tow" na nufin ta iso da yara huɗu biye da ita, ɗuu a bayanta. Haka ɗan siyasa da tawagar 'yan rakiya. Akwai ɗan barkwanci a ciki, don haka ba a faɗa wa wanda ake girmamawa cewa ya zo in tow. Idan kuma ka ce yaran suna on tow, ka ɗaura musu sarƙa ke nan.

Akwai jimla ɗaya mai baki biyu: "I had my car towed." Tana iya nufin ni na kira janwe na biya, tana kuma iya nufin an janye mini ita ban sani ba, sauran zancen ne ke fayyacewa. Ba'amurke kan ce "I got towed", kuma motarsa yake nufi, ba jikinsa ba. Motar da ke bukatar a ja ta, ko dai "needs to be towed" ko "needs towing", duka daidai ne, kuma a nan -ing yana ba da ma'anar wanda za a yi wa aiki. Janwe kansa a Najeriya towing van muke ce masa. A waje tow truck ya fi yawa, a Ingila kuma za ka ji breakdown truck ko recovery vehicle.

Sai wani kuskure da furuci ya haifar. Karin maganar da ke nufin mutum ya bi umarni, ya tsaya inda aka shata masa, toe the line ne, wato ya ajiye yatsun ƙafa a kan layi. Masu sharhin siyasa da yawa suna rubuta "tow the line", kamar ɗan majalisa zai ɗaura wa layin jam'iyya igiya ya ja shi.

Ɗan ƙanwar tawa dai ya sake rahoton: "The car was towed from Kwanar Dangora to Kano by a tow truck." Ya haɗa da rasiɗin mai janwe, manaja ya sa hannu.