Rifita ta Rediyon Oba-oba: Eriya da Kayan Aikinta

Rifita na'ura ce da ke karɓar saƙon rediyo a wani zango, ta sake watsa shi nan take a wani zangon daban, da ƙarfi kuma daga wuri mai tsayi. Da ita ne masu ƙananan rediyon oba-oba, waɗanda ba sa jin juna idan an yi 'yan kilomitoci, ke iya magana a faɗin gari ko yanki guda. 'Yan sanda, 'yan kwana-kwana, motocin asibiti, kamfanonin haƙar ma'adinai da masu rediyon sha'awa duk sun dogara da ita. Galibi tana aiki ne a zangon VHF, wato daga megahaz (ma'aunin zangon rediyo) 30 zuwa 300, ko a UHF, daga 300 zuwa 3,000.

Tsayin wuri

Igiyoyin waɗannan zanguna kusan a miƙe suke tafiya, don haka tsauni, dogon gini, har ma da lanƙwasar doron ƙasa suna tare su. Akwai lissafin da ake yi don ƙiyasta iyakar inda eriya za ta kai: a nemo tushen murabba'in tsayinta a mita, a ninka da 4.12, amsar ta fito a kilomita. Eriya mai tsayin mita 25 tana kaiwa kimanin kilomita 20, mai mita 100 kuma kimanin 41. Sai an ninka tsayi sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu. Duk da haka, ƙarin tsayi ya fi ƙarin wuta amfani nesa ba kusa ba, domin wuta ba ta kawar da tsaunin da ya tare hanya.

Da yawa daga masu kafa rifita karon farko suna zuba kuɗinsu a ƙarfin watsawa. To amma rediyon hannu galibi ba ta wuce wat 4 ko 5 ba. Idan rifita tana fitar da wat 100 alhali kunnenta ba ya kama mai wat 5, za a riƙa jin ta a wurare da dama ba tare da an iya shiga cikinta ba. Iyakar rifita ta gaskiya ita ce iyakar inda take jin mafi raunin masu amfani da ita.

Eriya

Ana kafa eriyar a tsaye, domin eriyoyin rediyon hannu da na mota a tsaye suke. Idan ɗaya ta kwanta ɗaya na tsaye, ana iya asarar desibel 20 ko fiye (desibel ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin saƙo ne). Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai doguwar sanda mai rufin faiba wadda aka jera sassan jan ƙarfe a cikinta, akwai kuma jerin eriyoyi masu siffar zobe dogo da ake ɗaurawa a jikin bututun ƙarfe. Ta farko ba ta da nauyi, kuma iska ba ta kama ta sosai, sai dai yawan lanƙwasawa a iska yana fasa haɗin da ke ciki, sai a fara jin ƙaraf-ƙaraf a saƙo. Ta biyu ta fi jure tsawa, shi ya sa ake fifita ta a ƙololuwar hasumiya.

Eriya ba ta ƙirƙirar wuta. Abin da ake kira ƙarfinta shi ne matse igiyar da take yi ta tura ta gefe, ta rage wadda ke tashi sama da wadda ke sauka ƙasa. A fili shimfiɗaɗɗe wannan riba ce. A kan dutse mai tsayi kuwa, eriya mai ƙarfi da yawa tana iya harba saƙo ya wuce ta saman garin da ke gindin dutsen, don haka ake zaɓar mai matsakaicin ƙarfi ko wadda aka ƙera ta ɗan sunkuyar da igiyarta. Idan kuma a gefen hasumiya aka ɗaura ta, ƙarfen hasumiyar yana toshe wani ɓangare, sai a fuskantar da ita inda jama'a suke.

Dufleksa

A nan wahalar aikin take. Rifita tana saurare tana kuma watsawa a lokaci guda, sau da yawa ta eriya ɗaya. Saƙon da take ƙoƙarin kamawa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ba, ita kuwa tana fitar da wat 25 ko 50. Kamar mutum ne yana kwarara ihu yana kuma son ya ji raɗa daga nesa. Tazarar da ke tsakanin zangon shiga da na fita ba ta da yawa. A zangon masu rediyon sha'awa na kusa da megahaz 145, kilohaz 600 ce kawai. A UHF, Amurka tana amfani da megahaz 5, ƙasashen Turai da dama kuma 7.6.

Dufleksa ce ke raba su. Jerin gwangwanaye ne na ƙarfe, huɗu ko shida, kowanne da sanda a ciki da ake murɗawa har ya bar zango ɗaya ya wuce ya danne ɗayan. A ƙaramar tazara irin ta kilohaz 600 ana neman rabuwar desibel 80 zuwa 90; desibel 80 na nufin rage ƙarfi sau miliyan ɗari. Ita kanta dufleksar tana cin desibel 1 zuwa 2. Ba a saita ta da kunne ko da ka, sai da na'urar gwaji, kuma girgizar mota a hanya kaɗai na iya kauce mata saiti.

Idan rabuwar ta gaza, sai rifita ta kurmance kanta. Alamar a bayyane take: saƙo mai rauni zai buɗe ta, da zarar ta fara watsawa sai ya ɓace, ta rufe, ya sake buɗe ta. Ana gwada hakan ta hanyar sauraron raunanan saƙo ana kunna sashen watsawa ana kashewa; idan shuu ya ƙaru lokacin da aka kunna, akwai matsala. Wasu kan yi amfani da eriya biyu maimakon dufleksa. In haka ne, a ɗora ɗaya daidai saman ɗaya, ta saurare a sama, domin rabuwa ta tsaye ta fi ta kwance yawa ƙwarai.

Kebul

Kebul ɗin da ke haɗa eriya da ɗakin na'ura mai om 50 ne (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), kuma asarar da yake jawowa tana shafar ji da watsawa duka. Kowane desibel 3 rabin ƙarfi ne. A megahaz 450, mita 30 na kebul RG-213 yana cinye kusan kashi biyu cikin uku na saƙo, yayin da kebul mai bangon jan ƙarfe na inci 7/8 ba ya cin ko desibel 1 a wannan tsawo. Kebul mai saƙar waya da ke gugar takardar alminiyam a ciki yana haifar da ƙara idan ana ji da watsawa tare, don haka masana ke gudunsa a rifita ko da yana da kyau a wasu ayyukan. Mahaɗin da aka fi amfani da shi shi ne nau'in N. A naɗe shi da roba mai hana ruwa shiga, domin ruwa a cikin kebul yana kashe aiki a hankali ba tare da an lura ba. Bayan haɗawa a auna SWR, wato ma'aunin yawan wutar da ke komowa baya daga eriya, ana son ya kasance ƙasa da 1.5.

Tsawa da wutar lantarki

Eriyar da ke kan abu mafi tsayi a yanki, ko ba daɗe ko ba jima aradu za ta same ta. Ana haɗa bangon kebul da hasumiya a sama da ƙasa, a sa na'urar kariya daidai inda ya shiga gini, sannan a tattara duk wayoyin ƙasa na hasumiya, na lantarki da na na'urori a wuri ɗaya. Idan aka yi musu sanduna daban-daban da ba a haɗe suke ba, wutar tsawa za ta bi ta cikin na'urar tana neman hanya daga wannan zuwa wancan.

Rifita tana iya watsawa na tsawon lokaci ba hutu, abin da rediyon mota ba a ƙera ta ta yi ba. Wanda ya haɗa rifita da rediyon mota biyu sai ya rage wuta ya sa fanka. Yawancin rifitoci da bolt 13.8 suke aiki, don haka batir da sola suna riƙe su idan wuta ta ɗauke, kuma a lokacin bala'i, sa'adda aka fi bukatarsu, wutar ce ke fara tafiya.

Kulawa da izini

Akwai ƙaramar na'urar kula da ke buɗe rifita da rufe ta. Ba ta buɗewa sai ta ji wani siririn sauti da ake kira CTCSS, tsakanin haz 67 da 254.1, wanda ke hana hayaniya da saƙon wasu tashoshi tayar da ita. Wannan sauti ba ya ɓoye magana, kowa na iya saurare. Na'urar tana kuma sanar da lambar tashar lokaci-lokaci, ta yanke watsawa idan wani ya danne maɓalli ya wuce ƙa'ida, galibi minti 3. Rifitocin zamani na tsarin dijital mai suna DMR suna ɗaukar hira biyu a lokaci guda cikin faɗin kilohaz 12.5.

Hukumar sadarwa ta kowace ƙasa ce ke ba da lasisi da zangunan da za a yi aiki a kai, bisa rabon da ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara. Idan hasumiyar tana ɗauke da wasu tashoshi, igiyoyinsu na iya cakuɗewa a tsatsar ƙarfe ko a sashen watsawa su haifi saƙon bogi, shi ya sa masu hasumiya kan wajabta sa na'urar da ke hana igiya komawa cikin sashen watsawa kafin su yarda a kunna sabuwar rifita.