Konbekshan: kalmar da ake jingina wa sanyin tekun Accra

Da Yuli ya kama, ruwan Jamestown da Chorkor, unguwannin bakin tekun Accra, ya ɗauki sanyi, sai masu sharhi a rediyo su tashi da kalma guda: konbekshan. Shekaranjiya a cikin trotro daga Nima na ji wani a rediyo yana cewa wai ita ce ke ɗago ruwan sanyi daga ƙasan teku, shi ya sa kifin amane ke yawa a kasuwa. Mai gabatarwa na ta "haka ne, malam". To, ba haka ba ne. Ya ma kifar da zancen ne gaba ɗaya.

Konbekshan juyi ne da bambancin nauyi ke haddasawa: mai nauyi ya nutse, marar nauyi ya hau. Ku tsaya wajen mai koko da asuba ku dubi tukunyar ruwanta. Wuta na ƙasa, ruwan gindin tukunya ya yi zafi, ya buɗe, nauyinsa ya ragu, ya taso, na sama ya gangara ya maye gurbinsa. Daga nan masu sharhinmu suka ɗauko hoton, suka manta da inda murhun yake. Teku wutarsa a bisa take. Rana ce ke dafa shi daga sama, saboda haka mai ɗumin ya riga ya zauna inda yake so, mai sanyin na kwance a ƙasa, babu dalilin juyawa. A nan yankinmu ruwan hawa-hawa yake, kamar mai a kan miya.

Abin da ke riƙe da hawan nan kuwa bai taka kara ya karya ba. Lita ɗaya ta ruwan famfo gram 1000 ce, ta ruwan teku wajen 1025, domin kowane kilo yana ɗauke da gishiri kusan gram 35. Tsakanin ruwan saman tekunmu da na can ƙasa, ƴan gram kaɗan ne a lita. Amma sun isa. Shi ya sa a Ada, inda kogin Volta ke shiga teku, ruwan kogin ke shimfiɗuwa a kan na gishiri kafin su gauraye.

Mai son ganin konbekshan na gaske a teku sai ya nufi inda ake sanyin kashe mutum: tekun Labrador, gefen Girinlan, da tekun Weddell a Antatika. Can iskar hunturu ke zuƙe ɗumin ruwan sama. Ruwan teku kuma yana daskarewa a wajen digiri 1.9 ƙasa da sifiri, kuma ƙanƙarar ba ta tafiya da yawancin gishirin, sai ta bar wa ruwan da ke ƙarƙashinta. Ga sanyi ga gishiri, sai ya yi nauyi ya nutse; a Labrador juyin kan kai zurfin mita 2000 a shekarar da hunturu ya yi tsanani. Ruwan nan shi ke malala a ƙasa, har ƙarƙashin tekun Ghana, inda sanyinsa bai wuce digiri 2 zuwa 4 ba, kuma zagayen nasa kan ci kimanin shekara 1000. Wato ita konbekshan ce ta kai sanyin ƙasa ta shimfiɗa hawan. Namu rabon a nan ɗan kaɗan ne: dare ya yi, fuskar ruwa ta huce, ta ɗan nutse, ta dama ƴan mitocin sama.

Abin da ke faruwa daga Yuli zuwa Satumba sunansa daban, afwelin, ni dai na fi son a ce tasowar ruwa. Iskar kudu maso yamma na bin gaɓa, juyawar duniya na karkata ruwan sama ya yi cikin teku, wasu manyan igiyoyi na ƙarƙashin ruwa daga wajen ikwaita su ma suna ɗaga iyakar da ke tsakanin ɗumi da sanyi. Sai na ƙasa ya hau duk da nauyinsa, tura shi aka yi. Ba kuma daga gindin teku yake zuwa ba, daga ƙasan iyakar nan ne, mita gomomi kawai. Zafin fuskar ruwa ya sauka daga wajen digiri 28 ko 29 zuwa ƙasa da 25, ruwan ya zo da taki, ƙananan tsirrai su yi yawa, amane ya samu abinci. Akwai ƙaramar tasowa ma wajen Janairu.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne idan ɗan siyasa ya ari kalmar don ya bayyana dalilin da kwale-kwale ke dawowa da ƙaramin kamu. Ruwan sanyi na tasowa duk shekara, wata da ƙarfi wata da rauni. Amma raga mai ƙananan ido, da kamu da fitila cikin dare, da cinikin saiko, wato sayen kifi daga manyan jirage a tsakiyar teku, duk babu hannun konbekshan a ciki.