Waiwaye: Titin Hyalite da ja-in-jar masu hawan ƙanƙara da masu zamiya

Kudu da garin Bozeman, a jihar Montana ta Amurka, akwai wani dogon kwazazzabo da ake kira Hyalite. Titi ɗaya tak ke shiga cikinsa. Yana bin gefen rafi ya hau, ya wuce madatsar ruwan da aka kammala a 1951, ya ƙare a filin ajiye motoci na Grotto Falls, tafiyar kimanin kilomita 21. A kan wannan titi aka yi shekaru ana ja-in-ja tsakanin mutane iri biyu, waɗanda dukkansu sanyi suke bi, kuma babu wanda ke da wata hanyar shiga sai ita.

Kashin farko masu hawan ƙanƙara ne. Duwatsun Hyalite na aman wuta ne tun asali, duk jikinsu tsagu ne, ruwa na tsattsafowa ta ko'ina. Da sanyi ya kankama, ruwan da ke zubowa daga saman dutse sai ya daskare a tsaye, ya zama ginshiƙi ko bango, wani ya fi bene mai hawa goma tsawo. Mai hawa zai ɗaura ƙarafa masu haƙora a tafin takalmi, ya riƙe ƙaramin gatari a kowane hannu, ya sara ya kafe, ya taka ya kafe. Jefi-jefi ya tsaya ya murɗa ƙusa mai zare cikin ƙanƙarar, ya rataya igiyar da abokinsa ke riƙe da ita daga ƙasa. Wuraren hawa irin waɗannan sun haura 150 a Hyalite, kuma mafi yawansu a can ƙurewar titin suke, kusa da juna.

Kashi na biyu masu zamiyar dogon zango ne. Ba su ne ake nunawa a talabijin suna gangarowa daga tsauni a guje ba. Waɗannan dogayen katakai sirara suke ɗaurawa a ƙafa, da sanda a kowane hannu, su yi ta tafiya a kan dusar ƙanƙara kilomitoci masu yawa da ƙarfin jikinsu. Yara na yi, tsofaffi na yi. Bukatarsu hanya mai faɗi marar tsananin tudu, wadda inji zai bi ya danne dusar, ya zana mata layuka biyu da katakan za su riƙa bi. Babu abin da ya kai titin mota da dusa ta binne dacewa da wannan.

To a nan gizo ke saƙar. Dusar da ta kwanta a kan titin Hyalite ita ce ke hana mai hawa isa inda zai hau, ita ce kuma mai zamiya ya fito nema.

An fara hawan ƙanƙarar Hyalite a farkon shekarun 1970. Cikin waɗanda suka buɗe fagen akwai Pat Callis, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jihar Montana da ke Bozeman. Sunan wurin ya ƙara fita ta dalilin Alex Lowe, ɗaya daga cikin fitattun masu hawan tsauni na zamaninsa, wanda a 1998 ya hau wata ƙanƙara mai rataye a jikin dutse da aka sa wa suna Winter Dance. Lowe ya rasu a 1999 lokacin da dusar ƙanƙara ta zabtaro masa a tsaunin Shishapangma da ke Tibet. A 2004 Joe Josephson ya fitar da littafin jagora na wuraren hawa a yankin, ya ba shi sunan waccan ƙanƙara. Ga kuma bikin hawan ƙanƙara na Bozeman da ake yi a farkon hunturu tun shekarun 1990, wanda ke jawo baƙi daga jihohi masu nisa da Kanada.

Duk tsawon waɗannan shekaru, har zuwa 2007, babu mai share dusar da ke kan titin. Masu hawa kuwa manyan motoci masu ja da ƙafa huɗu suke shiga da su, da sarƙa a tayoyi, da shebur da igiyar ja a bayan mota. Kowa na bin sawun tayar wanda ya riga shi, sawun na ƙara zurfi, har cikin mota ya riƙa gogar dusa. Idan biyu suka yi kiciɓis a inda ba wurin kaucewa, dole ɗaya ya koma da baya. Mota ɗaya ta maƙale, duk na bayanta sun kwana a hanya ko sun sha haƙa cikin dare. Yawancin shekaru, kafin Janairu ya yi nisa titin ya gagara, ƙanƙara na tsaye a can sama har Maris ba mai zuwa sai ƴan tsiraru. Su ma masu zamiya ba su tsira da komai ba, domin titin da tayoyi suka yi wa rami biyu ba ya zamuwa, kuma ba wanda zai saki ɗansa a kan hanyar da mota ke iya ɓullowa daga kwana tana santsi.

Kwazazzabon yana cikin gandun dajin gwamnatin tarayya da a lokacin ake kira Gallatin (yanzu Custer Gallatin), ƙarƙashin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka. A 2005 hukumar ta kafa ƙa'idar cewa kowane gandu ya fayyace hanyoyin da abin hawa mai inji zai bi da lokacin da zai bi su. A Disamba 2006 gandun Gallatin ya fitar da nasa tsarin. Abin da ya tanada wa Hyalite shi ne a datse titin a wajen madatsar ruwa daga farkon Janairu, a bar ragowar ga masu zamiya, masu hawa kuma su ƙarasa a ƙafa, ko a kan katakan zamiya, ko su zagaya da babur ɗin dusar ƙanƙara.

A takarda ragowar ba ta da yawa, wajen kilomita 5 ce. Amma mai hawa yana ɗauke da igiyoyi da ƙarafa da kayan sanyi, kuma ƙarshen titi ba shi ne ƙarshen tafiyarsa ba, daga nan ne zai fara kutsawa cikin dusa ya hau gangare zuwa gindin ƙanƙarar. A tsakiyar hunturu hasken rana a Bozeman bai kai awa 9 ba. Ƙara masa kilomita 10 zuwa da dawowa daidai yake da ce masa ya haƙura, sai fa in yana da kuɗin sayen babur, abin da ɗalibai da matasan da suka fi yawa a wannan wasa ba su da shi. Ƙungiyar masu hawa ta kudu maso yammacin Montana ta ɗaukaka ƙara a gaban hukumar, da goyon bayan Access Fund, ƙungiyar da ke kare haƙƙin masu hawa a faɗin ƙasar.

Bai kamata a ɗauki masu zamiya a matsayin waɗanda suka zo ƙwace ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Hanyoyin da ke cikin gari da kewayensa, irin waɗanda gidauniyar Bridger Ski Foundation ke gyarawa, a ƙasa suke, ɗumi kaɗan ke narkar da su. Madatsar Hyalite kuwa ta haura mita 2,000 a saman teku, dusarta na daɗewa, kuma filin na gwamnati ne, ba a biyan kuɗin shiga. Sannan a yawan jama'a sun ninka masu hawa. Ƙorafinsu kan takalmi ma gaskiya ne: mutum ɗaya ya bi ta kan layukan da inji ya zana, kowane taku ya bar rami, kamar wanda ya taka daɓen siminti bai bushe ba, in dare ya yi ramukan su daskare, washegari su kayar da mai zamiya.

A ganina kuskuren tsarin 2006 shi ne ya ɗauki rashin share titin a matsayin abin da ba ya canzawa, sai ya zauna rabon ɗan abin da ya rage. Mai zamiya yana iya samun hanya a wurare da dama cikin kwazazzabon idan aka gyara masa. Mai hawa ba shi da wannan zaɓi, domin ƙanƙara inda ruwa ya zubo nan take tsayawa, ba a matsar da ita.

Mafitar ba daga kotu ta fito ba. Zama aka yi ta yi tsakanin masu hawa, masu zamiya, hukumar gandun daji da mahukuntan gundumar Gallatin, kuma daga hunturun 2007 zuwa 2008 motocin gunduma suka fara share titin. Daga baya abin ya zama yarjejeniyar raba kuɗin aiki, ana sharewa har Grotto Falls. A 2010 aka kafa ƙungiyar Friends of Hyalite, wadda ke tara gudummawar jama'a don cike giɓin kuɗin. Masu zamiya sun rasa ƙarshen babban titi, amma sun samu abin da ba su taɓa samu ba: ƙaramar mota ta kai iyali har bakin madatsa, inda hanyoyin zamiya ke ratsa daji. Masu kamun kifi ta ramin ƙanƙara da iyayen da ke kai yara wasan dusa, waɗanda ba a ko ambace su sosai a farkon gardamar, su ma suka cika wurin.

Saɓanin bai mutu ba, ya dai ragu ya koma gefe. Reshen titin da ya nufi gabas, wajen Palisade Falls, ba a share shi, kuma akwai ƙanƙarar hawa ta can, don haka har yanzu takalmi da katako na haɗuwa a hanya ɗaya. Abin da ake roƙon mai tafiya a ƙafa shi ne ya bi gefe, ya bar layukan.

Babbar damuwar yanzu yawan jama'a ce. Mutanen Bozeman 27,509 ne a ƙidayar 2000, suka kai 53,293 a ta 2020, kuma mafi yawan ruwan shan garin daga rafin Hyalite da maƙwabcinsa Sourdough yake fitowa. Duk motar da ta zame ta faɗa rafi, da duk sharar da aka bari a filin ajiye motoci, a saman ruwan da garin ke sha suke. Kuɗin share titin ma ba tabbatacce ba ne, kowace shekara sai an sake nemo shi. Daga 1 ga Afrilu zuwa 15 ga Mayu ana rufe titin ga motoci baki ɗaya, saboda kada nauyinsu ya farfasa kwalta lokacin da ƙasa ke narkewa, a bar shi ga masu keke da masu tafiya a ƙafa.