Ba Sai Mai Taɓin Hankali Ke Neman Shawara Kan Damuwa Ba

A ƙauyukan Kano da Jigawa an daɗe ana ɗauka cewa wanda aka ce ya ga mai ba da shawara kan damuwa, hanyar asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Kazaure aka nuna masa. Wannan kuskure ne. Manomin da ambaliyar kogin Haɗeja ta cinye wa shinkafa, ga bashin taki a wuyansa, hankalinsa ƙalau yake. Jikinsa ne ke ta sakin sinadaran kotisol da adirenalin, waɗanda ke ƙaruwa idan mutum na cikin damuwa, shi ya sa barci ke ƙaurace masa.

Aikin mai ba da shawara kuwa ya wuce "yi haƙuri, Malam". Yakan saurara tukuna, sannan su ware matsalolin da ke da magani daga waɗanda sai dai a jure, ya koya masa jan numfashi a hankali, su kuma binciki tunani irin na "tawa ta ƙare" ko yana da hujja, hanyar da likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960. Tsarin ba da shawara kan damuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 zama biyar ne kacal, mako-mako, kuma ma'aikacin lafiyar karkara da aka horar yana iya gudanar da shi.