Waiwaye: Yadda Aka Soma Horar da Matasan Masu Binciken Ciwon Zuciya a Fanni Fiye da Ɗaya

A 1953, a birnin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin fiziya Hellmuth Hertz suka aro wata na'ura da maƙeran jiragen ruwa ke gano tsagewar ƙarfe da ita, suka ɗora ta a ƙirji. Daga nan aka samo hoton zuciya na sauti da asibitoci ke yi a yau. Shekara huɗu bayan haka wuta ta ɗauke a Minneyafolis ta Amurka, yaran da aka yi wa tiyatar zuciya suka shiga haɗari saboda na'urar da ke daidaita bugun zuciyarsu da lantarkin bango take aiki. Likitan fiɗa Walton Lillehei ya roƙi Earl Bakken, injiniyan da ke gyara kayan asibitin, ya ƙera mai batir. Cikin makonni kaɗan ya kawo ta.

Babu wanda ya tsara waɗannan haɗuwa. Dace ne ya haɗa likita da injiniya, kuma tarihin horar da matasan masu binciken zuciya da jijiyoyin jini, a ganina, ƙoƙari ne na daina jiran dace.

Abin da ya fara buɗe wa hukumomi ido shi ne binciken da aka yi a garin Framingham na Amurka, wanda aka soma a 1948 da mutum 5,209. Ana bibiyar lafiyarsu shekara bayan shekara, har aka tabbatar cewa hawan jini, yawan kolestarol da shan taba su ne kan gaba wajen jawo ciwon zuciya. Likita shi kaɗai ba zai iya fitar da wannan daga tulin takardu ba, sai da masana ƙididdiga.

Daga nan Amurka ta soma gina hanya. A 1964 hukumar binciken lafiya ta NIH ta fara ɗaukar nauyin ɗalibai su haɗa digirin likitanci da na dakta a kimiyya, karatun da kan ci kimanin shekara 8. A 1970 jami'ar Harvard da cibiyar fasaha ta MIT suka buɗe shiri guda inda ɗalibin injiniya ke zagayen ɗakin marasa lafiya tare da ɗalibin likita. Duk da haka, a 1979 James Wyngaarden, wanda daga baya ya shugabanci NIH, ya yi gargaɗin cewa likita mai bincike na neman ƙarewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duba marasa lafiya ya fi kawo kuɗi, ga bashin karatu a wuya.

Turai ta bi nata salon. Gidauniyar Zuciya ta Birtaniya, da aka kafa a 1961, tana da shirin dakta na shekara 4 wanda ɗalibi kan zagaya ɗakunan gwaji daban-daban kafin ya zaɓi inda zai zauna. Jamus kuma ta haɗa cibiyoyinta a ƙarƙashin inuwa ɗaya, cibiyar binciken zuciya da jijiyoyin jini ta DZHK, a 2011.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu a wasu wurare. A 2003 masana ƙwayoyin gado a Faransa da Kanada suka danganta wani sinadari mai suna PCSK9 da yawan kolestarol a wasu iyalai. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen a birnin Dallas na Amurka suka nuna cewa mutanen da aka haifa da raunin wannan sinadari ba kasafai suke kamuwa da ciwon zuciya ba. A 2015 maganin da ke dakushe wannan sinadari ya fito. Shekara 12 kacal daga ɗakin gwaji zuwa allura, kuma babu fanni ɗaya da zai ce aikinsa ne shi kaɗai.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama horon. Jami'o'i har yanzu sashe-sashe suke ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma. Matashin da ya raba ƙafa tsakanin lissafi da ilimin jijiyoyi sai masu lissafi su ce likita ne, likitoci su ce ɗan kwamfuta ne. A Amurka, mai digirin dakta kan wuce shekara 40 da haihuwa kafin ya sami babban tallafin bincike na kansa na farko, abin da ya sa NIH ta ƙirƙiro tallafin K99 a 2006 don taimaka masa tsayawa da ƙafarsa.

Akwai kuma batun inda ake horon da inda ake mutuwar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro a yarinta ya kusa ɓacewa a ƙasashe masu kuɗi, amma yana ci gaba da lalata zukatan matasa a sauran duniya, kuma manyan shirye-shiryen horon da aka ambata duk suna ƙasashen da suka kusa rabuwa da shi.