Waiwaye: Ruwan da ke ɓoye cikin gishirin uraniyom

Shekara da shekaru mutanen Tawa sun yi ta ganin manyan motoci na gangarowa daga Arlit ɗauke da gangunan garin uraniyom, su nufi tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Kaɗan ne suka san cewa wannan gari, ko da ya bushe ƙayau a ido, yana riƙe da ruwa, kuma sanin yawan ruwan nan ilimi ne mai dogon tarihi.

A 1800 William Herschel ya raba hasken rana kala-kala, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Haka aka gano hasken infirared. Wajen 1905 Ba'amurke William Coblentz ya auna yadda sinadarai fiye da ɗari ke shanye wannan haske, ya nuna kowane yana da tambarinsa. Ruwa ma haka: ƙwayarsa tana shan hasken a kusa da lamba 3400 da kuma 1630 a ma'aunin masana.

Nan ne abin ya shafi uraniyom. Ɗauki gishirin da ake samu idan an narkar da shi cikin asid na nitirik: kamar ƙanƙara yake, launinsa rawaya mai ratsin kore, kowace ƙwaya na riƙe da ƙwayoyin ruwa 6, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ke nan. A ɗumama shi, da zafi ya kai digiri 60 sai ya narke cikin ruwan jikinsa. Ruwan ba ya fita gaba ɗaya. Daga 6 ya koma 3, ya koma 2, kuma waɗannan biyun na ƙarshe sun fi taurin kai. Sikeli zai gaya maka nauyi ya ragu kawai. Na'urar infirared kuwa tana nuna alamar ruwan na dusashewa, alamar uraniyom da iskar oksijin da ke wajen 930 tana ɗan gusawa, har a gane wane ruwa ne ya tafi, wane ya maƙale.

Mu a Nijar, an gano ma'adinin a Azelik, cikin yankin Agadas, a 1957. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, kamfanin COMINAK kuma a 1978, shi ne ya rufe a 2021. Amma narkar da garin cikin asid na nitirik da tacewar ƙarshe, inda ake buƙatar irin wannan bincike, a masana'antar Malvési ta kudancin Faransa aka saba yi. Namu haƙa ne da fitar da garin daga dutse da busarwa da ɗurawa a ganga.

A ganina nan gizo ke saƙar. Ba nauyin ganga ake saya ba, uraniyom ɗin da ke ciki ake biya, bayan an cire laima. Tun da gwamnati ta karɓe SOMAÏR a watan Yunin 2025, awon nan ya dawo wuyanmu, kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mai cibiyar nazarin sinadarai masu tiriri, ita ce wurin da ya kamata a fara horar da masu yin sa.